Hannun da Ya Rage a Kafaɗa

Sunansa na gaskiya yana rubuce a jikin lasisin da ke rataye a bayan ƙofar shagonsa, amma babu mai kiransa da shi. Tsaya-haka kowa yake ce masa, domin shekara talatin da takwas ya yi yana faɗar waɗannan kalmomi biyu ga duk wanda ya zauna a gaban kyamararsa, ko ɗalibi ne, ko mai neman aiki, ko tsohuwar da ta zo ɗaukar hoton fansho. Har matarsa, idan ta kira “Maigida” sau biyu bai waiwayo ba, da wannan sunan take samunsa.

Shagon ɗan tsukuku ne, a matse tsakanin shagon tela da na mai gyaran agogo. A bakin ƙofa akwai akwatin gilashi inda yake baje hotunan da yake alfahari da su. A ciki akwai kujera ɗaya, da madubi, da mataji ɗaure da zare don kada ya bi wani gida, da wata baƙar kwat wadda ta shiga hotunan neman aiki bila adadin a jikin mutane daban-daban. Ko wane hoto ya fito daga shagon, sai ya juya bayansa ya buga masa hatimi. Yakan ce hatimin nan shi ne rantsuwarsa.

Yayarsa ce ta kawo shi cikin sana'ar. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu yana ɗan shekara tara, ita ce kuma ta kai shi koyon aiki wurin wani tsohon mai hoto. Har yau, da furfurarsa da komai, Auta take ce masa. Tsohon da ya koya masa aiki ba mai yawan magana ba ne, amma akwai doka ɗaya da ya kafe a kanta.

“Idan wuri ya ƙure maka, ka yanke gefen riga, ka yanke takalmi,” in ji tsohon. “Amma hannun mutum, kada ka kuskura. Fuska takan yi wa kyamara ƙarya, hannu bai iya ba.”

Sau ɗaya Tsaya-haka ya taɓa karya dokar, lokacin da ya datse yatsun wata mata a bakin hoto. Tsohon bai zage shi ba. Ya dai manna hoton a bango daidai inda Tsaya-haka yake cin abinci, ya bar shi nan wata guda cur. Tun daga lokacin, ko da buroshi yake gyara ko da kwamfutar da ta zo daga baya, idan ya iso kan hannu sai ya zagaye shi a hankali, ya share inuwar da ta ɓata shi, ya fito da kowane yatsa. Ba ya ma tunani, hannunsa ne yake yi da kansa. Hali zanen dutse ne.

Zamani kuwa ya juya masa baya. Da waya ta shiga aljihun kowa, sai kowa ya zama mai hoto. Yakan buɗe shago da safe, ya goge gilashi, ya zauna, har rana ta yi tsaka ba a ce masa ko sallama ba, sai tela da ke leƙowa yana tsokanarsa.

“Mutumina, yau ma kai da ƙuda ne? Ka ce masa ya tsaya haka mana, ko ka samu na buɗe rana!”

A garin akwai wani malami da ake kira Malamin Sinima, domin a tsohon gidan sinima yake tara jama'a. Rabin gari suna rantsuwa da shi: yana ciyar da mabukata, yana sasanta ma'aurata, kuma muryarsa takan sa ƙato kuka. Ɗaya rabin kuwa ko sunansa ba sa son ji, saboda yana koyar da cewa duk wanda ya dogara da allura da ƙwayar asibiti, imaninsa ne ya yi rauni. Sauran malaman garin sun yi ta mayar masa da martani, amma gidan sinimar bai daina cika ba.

Shekara huɗu da suka wuce, wani ɗan kwangila da ake kira Injiniya ya gyara wa Malam rufin gidan sinimar kyauta. Ranar da aka gama aikin, aka kira Tsaya-haka. Ya ɗauki Injiniya a durƙushe a kan darduma, Malam yana tsaye a bayansa da hannunsa a kan kafaɗarsa ta dama. Hoton ya yi kyau ƙwarai, har ya saka shi a tsakiyar akwatin gilashi.

Bai cika shekara a wurin ba. Yayarsa tana da ɗa guda ɗaya tak, Tilo, makaniki mai shekara ashirin da shida, wanda tun yana ƙarami yake fama da ciwon suga, kullum sai ya yi wa kansa allura. Tilo ya fara zuwa gidan sinima. Wata rana Malam ya dafa kansa a gaban jama'a, ya ce ya warke. Ya dawo gida ya tattara alluransa ya zubar. Yaya ta yi kuka, ta yi faɗa, ba a ji ba. Daga ƙarshe ta je da kanta ta durƙusa a gaban Malam, ta roƙe shi ya ce wa ɗanta ya koma kan magani. Bai ko dube ta ba. Ya ɗaga hannu kawai ya yi mata alamar ta tashi. Kwana goma sha ɗaya Tilo ya yi ba allura, a na sha biyu aka yi jana'izarsa.

Ranar da aka share makoki, Tsaya-haka ya cire hoton daga gilashi ya jefa a ƙasan durowa. Bai san cewa tuni wani ya ɗauke shi da waya ta bayan gilashin ba.

Da zaɓe ya gabato, Injiniya ya fito takara. A lokacin iyayen da suka rasa 'ya'ya sun fara magana a rediyo, sunan Malam ya zama garwashi a hannun duk ɗan siyasar da ya riƙe shi. Aka tambayi Injiniya, ya ce shi a labari kawai yake jin mutumin. Ba a kwana biyu ba, sai ga wancan hoto yana yawo a wayoyi, dishi-dishi, da ƙyallin gilashi a gefensa, amma ana gane fuskokin.

Wata Talata da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar shago. Wakilin kamfen ɗin Injiniya ne ya fito, mutum mai ƙamshin turare da wayoyi uku. Ya shiga ya durƙusa har ƙasa.

“Baba, barka da hantsi. Wallahi hoton farko da aka taɓa yi mini a duniya, a kan kujerar nan ne. Har kwat ɗin nan na saka!”

“Kowa ya saka ta,” in ji Tsaya-haka, amma ransa ya yi fari.

Wakili ya yi ta zagaye kafin ya iso ga abin da ya kawo shi. Suna so a fito da hoton asali daga kwamfuta, a goge Malam, a bar Injiniya shi kaɗai kamar mai addu'a a kan darduma. Sai su nuna wa duniya cewa wannan shi ne na gaskiya, wancan kuwa abokan hamayya ne suka haɗa.

“Muna da yara masu kwamfuta, Baba, sun gwada. Aikinsu kamar kaza ta yi tono. Oga da bakinsa ya ce garin nan kaf babu mai hannunka. Idan Allah ya ba mu nasara, duk inda Oga ya sa ƙafa, kyamararka ce a gaba.”

“Shi Malam ɗin fa? Ya san za a goge shi?”

Wakili ya yi dariya har wayoyinsa suna karo da juna.

“Shi ya ba da shawarar ma! Ya ce a cire shi yanzu, bayan zaɓe a mayar. Mutanensa sun san inda za su dangwala.”

Daga baya Tsaya-haka ya sha neman abin da zai ɗora wa laifi, bai samu ba. Ba yunwa ce ta kama shi ba, ba a kuma tsorata shi ba. Shekara goma ke nan rabon da wani ya ce masa babu mai hannunsa, shi ke nan. Tilo ya faɗo masa a rai, sai ya ce wa kansa ai goge Malam daga hoto ba zunubi ba ne, da ma a goge shi daga duniya. Da wannan ya rufe bakin zuciyarsa, ya jawo kujera.

Ya buɗe hoton, ya ƙara girmansa ƙwarai, har ya zama ba ya ganin mutane, sai ɗigo-ɗigon launi. Haka ya fi masa sauƙi. Ya fara daga rawani, ya shafe shi, ya cike gurbin da launin bango. Ya shafe fuska, ya shafe gemu, ya sauko kan farar riga, yana aron bulo daga gefe yana jerawa inda mutum yake a da. Aiki ne na gwani, kuma ya ji daɗinsa, wannan ma yana cikin abin da ya fi ci masa rai daga baya. Da ya iso kafaɗar Injiniya, ya tarar da yatsu huɗu a kan baƙar riga mai aiki. Hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara talatin da takwas: ya zagaye su a hankali, ya share inuwar da ke tsakaninsu, ya ƙara wa zoben da ke ɗaya daga cikinsu haske. Sannan ya wuce gaba.

A al'adarsa, idan ya gama gyara, yakan mayar da hoto daidai girmansa, ya ja da baya taku uku ya dube shi gaba ɗaya. Ranar bai yi haka ba. Ba ya son ganinsa. Ya buga, ya juya bayansa da sauri, ya danna hatimi. Wakili kuwa fuskar ubangidansa kawai ya duba, ya ce, “Kai! Baba, har ka rage masa shekaru.” Sannan ya ɗaga waya zai ɗauke shi bidiyo.

“Kalma biyu kawai, Baba, don a rufe bakin magauta.”

Tsaya-haka ya tsaya a gaban akwatin gilashinsa, ya riƙe hoton a ƙirji, ya ce shi ya ɗauka da hannunsa, kuma Injiniya shi kaɗai ne a wurin. Muryarsa ba ta ko yi rawa ba.

Ranar Alhamis aka wayi gari an manna fostoci a kowane bango, hotuna biyu a jere, an rubuta “Na jabu” a ƙarƙashin ɗaya, “Na asali” a ƙarƙashin ɗaya, da sunan shagonsa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Tun daga bakin layi ya lura mutane suna kallonsa suna murmushi, ya ɗauka girmamawa ce. Yana cikin buɗe kwado tela ya fito, da tef a wuya, hawaye na zuba don dariya.

“Mutumina, ashe aljanu ma kana ɗaukarsu! To, ka gaya mana, hannun wa ke kan kafaɗar Injiniya? Ko uku Allah ya ba shi, na ukun don karɓar ƙuri'a?”

Ya waiwaya ya dubi fostar da ke bangon mai agogo. Injiniya yana durƙushe, hannayensa biyu a kan gwiwoyinsa. A kafaɗarsa ta dama kuwa ga hannu nan, babu dantse, babu mai shi, tsaf da shi kamar an wanke, zoben azurfa mai koren dutse yana ƙyalli. A duk faɗin fostar babu inda ya fi wurin nan fitowa. Ya shige shago ya ja labule. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata.

Bai daɗe da zama ba ya ji sallamar da ya fi tsoro. Yaya ce, da sandarta, da fosta a naɗe a hannu. Ya miƙe ya jawo mata kujera, ta ƙi zama. Ta shimfiɗa fostar a kan tebur, ta danne gefenta da hatiminsa.

“Auta, aikinka ne wannan?”

“Yaya, ki zauna tukuna, ƙafarki...”

“Ƙafata ta kawo ni, za ta mayar da ni. Aikinka ne?”

“Nawa ne.”

Ta ɗora yatsa a kan zoben.

“Mutane suna ta dariya a titi, wai ba a san hannun wa ba ne. Ni na sani. Ranar da na durƙusa a gabansa ban ga fuskarsa ba, wannan kawai na gani. Ga ɗan ƙaramin yatsan nan a karkace. Da shi ya ce in tashi.” Ta ɗauke yatsanta daga kan fostar. “Jikar maƙwabciyata ta nuna mini kai a waya. Sau uku na sa ta maimaita, ina cewa ko bakin ne ba naka ba, tunda an ce yanzu har murya ana haɗawa. Na so a ce haɗawa aka yi.”

“Yaya, na ga kamar goge shi...”

“Goge shi? Wanke shi ka yi. Ka wanke wanda ya yi masa rufi, gobe ya hau kujera ya yi masa bene. Tilo Kawu yake ce maka. Kai ka ɗauke shi a kafaɗa ranar da aka fara yi masa allura, kana ce masa ya tsaya haka, ba zafi.”

Bai iya ɗaga kai ba. Ta naɗe mayafinta, ta kama hanya. A bakin ƙofa ta juyo.

“Duk jikinka hannunka ne kawai ya tuna tarbiyya. Shi ya ƙi bin ka.”

Da la'asar Wakili ya dawo, babu durƙuso, babu Baba.

“Dattijo, ka kashe mu! Amma akwai gyara. Za ka ce hannun mai gadin Oga ne, ya matso zai gyara masa riga, kai kuma ka cire shi don hoto ya yi kyau. Mun samo zobe irinsa, yanzu haka yana hannun mai gadin.”

Tsaya-haka ya dube shi. Ya ga cewa idan ya yi wannan, gobe za a zo da ta uku, domin ƙarya ba ta tafiya ita kaɗai. Ya ce, “Ka dawo gobe da safe, za ka ga amsata a ƙofa.”

Bayan tafiyarsa ya buɗe ƙasan durowa, ya zaro tsohon hoton, ya kaɗe ƙurarsa. Hatiminsa yana baya da kwanan wata na shekara huɗu da suka wuce. Ya kwashe duk abin da ke cikin akwatin gilashi, ya saka hotuna biyu kawai. Ya yanki kwali ya rubuta a ƙarƙashinsu: “Na dama shi ne na gaskiya. Na hagu ni na gyara shi. Abin da na faɗa a waya ƙarya ne.” Ya sa hannu da cikakken sunansa, wanda da yawa a layin ranar suka fara gani.

Kada a ɗauka an yaba masa. Mutanen Injiniya suka ce maci amana ne, mutanen Malam suka tofa yawu a gilashin, abokan hamayya suka ɗauki hoton kwalin suka yi kamfe da shi ba tare da sun gaishe shi ba. 'Yan layi kuwa suka sauya masa suna, ya koma Saura-hannu. Yakan amsa. Matarsa ta roƙe shi ya cire kwalin bayan mako guda, ya ce tsohon maigidansa wata guda yake barin irin wannan a bango, shi kuwa laifinsa ya fi datse yatsu. Kullum da safe sai ya goge gilashin, ya karanta rubutun kansa, sannan ya shiga. Zaɓe ya zo ya wuce, Injiniya ya ci da ƙyar. Ranar rantsarwa an ga Malam a sahun gaba, da rawaninsa da gemunsa, ba a rage komai ba.

Ya je gidan Yaya sau huɗu. Tana amsa gaisuwa, ta sa a kawo masa ruwa, amma ba ta kiransa Auta, ba ta kiransa komai. Wannan ya fi masa zafi a kan duk sunayen da aka laƙaba masa.

Wata bakwai suka shuɗe. Wata safiya yana goge gilashi, ya ji ƙarar sanda a bayansa. Yaya ta tsaya ta karanta kwalin, wanda rana ta riga ta koɗar da tawadarsa, ta karanta shi har ƙarshe tana motsa leɓe. Sannan ta shiga, ta zauna a kujerar ba tare da an ce ta zauna ba. Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da wani ɗan ƙaramin hoto. Tilo ne a bakin gareji, yana dariya, da tabon da ya samu a goshi tun yana rarrafe, hannayensa baƙi ƙirin da man inji.

“Ina son a ƙara masa girma, a sa a firam. Idona ya fara kasa ganinsa a haka.”

Ya karɓa da hannu biyu.

“Za a yi, Yaya. Yau ɗin nan.”

“Kada ka gyara komai. Ko tabon, ko baƙin man nan. Yadda yake.”

“Ba zan taɓa ba.”

“Zan zauna in gani.”

Ya kunna kwamfuta, ya ɗora hoton, bai ƙara ɗigo ba bai rage ba. Da takardar ta fito, ya jingine ta a bango, ya ja da baya taku uku, ya dube ta gaba ɗaya. Ya ɗauki hatimi, sai ya tsaya da shi a sama, ya kasa saukewa.

Yaya ta dube shi ta saman tabaranta.

“Auta, buga mana. Ina da tafiya a gabana.”